Soke jigilar DMA da dmaengine na Linux: kayan aikin na da kyau, amma sai an kula

DMA hanya ce da wani inji na musamman ke jigilar bayanai tsakanin na'ura da RAM ba tare da furosesa ya yi aikin ba, dmaengine kuwa shi ne ɓangaren Linux da ke kula da irin waɗannan injuna. Matsalar soke DMA ita ce injin jigilar ba ya tsayawa nan take don kawai an ce ya tsaya. Yana iya ci gaba da zuba bayanai a RAM na ɗan lokaci, kuma kiran kammalawa, wato aikin da ake kira idan jigila ta ƙare, na iya kasancewa yana gudana a wani furosesa. Idan direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ya saki wurin RAM ɗin da ake zuba bayanan a daidai lokacin, injin zai rubuta a kan kayan wani, ɓarnar kuma ta bayyana can nesa da inda aka yi ta.

Tsohuwar dmaengine_terminate_all ba ta ba da tabbacin komai a kan wannan. Tun sigar Linux 4.5 ta 2016 aka raba aikin. dmaengine_terminate_async tana ba da umarnin tsayawa ba tare da jira ba, don haka ana iya kiranta a riƙe da spinlock (makullin da ba a yarda a yi barci, wato a tsaya jira, a riƙe da shi ba) ko daga cikin kiran kammalawar kansa. dmaengine_synchronize ce ke jira har komai ya lafa, kuma tana iya barci. dmaengine_terminate_sync ta haɗa biyun. Rabon nan ya yi daidai, ka ga yadda ɓangaren sauti na ALSA ke amfani da shi: async lokacin tsayar da sauti, synchronize lokacin rufewa. Sai bayan an gama wannan jiran ne direba zai iya sakin wurin, misali ta kiran dma_unmap_single.

Akwai abubuwan da ba su gamsar ba. Sokewa tana share duk ayyukan da ke layi a tashar DMA ɗin, babu zaɓen guda ɗaya. Direban UART (na'urar aika bayanai ɗaya bayan ɗaya ta waya) da ke son sanin bayit nawa suka shigo kafin tsayawa dole ya fara da dmaengine_pause, ya karanta ragowar bayit ɗin da ba su shigo ba ta dmaengine_tx_status, sannan ya soke. Ba kowane injin ke iya dakatawa ba, wasu kuma ba sa ƙirga ragowar sai a matakin aiki sukutum, don haka a duba dma_get_slave_caps tun farko.

Mafi haɗari shi ne device_synchronize, wadda dmaengine_synchronize ke kira don yin jiran, ba dole ba ce a kan direban injin. Idan bai rubuta ta ba, terminate_sync za ta dawo shiru ba ta jira komai ba. Kafin a dogara da ita a kan sabon allon kwamfuta, a buɗe fayil ɗin direbansa a cikin drivers/dma a tabbatar tana nan.