Ta cinye min naira 47,500, saura ƙiris ta haɗa da idona

Jama'a sati biyu kenan ina rubuta wannan abin ina gogewa saboda kunya, amma yau dai sai na amayar da shi ko na samu sa'ida. Naira 47,500. Kuɗin adashina ne, na ɗinki, wanda na tara ina taka keke har bayana ya riƙe. Wata mai sai da lens ɗin ido a TikTok, irin wanda ake maƙalawa a ƙwayar ido, ta lashe su tas.

Kuma kar wanda ya zo min da wai ai son gayu ne ya ja min. Tun ina aji uku a sakandare nake sa gilashi, idona na dama -5.00 ne, in na cire ko lambar mota bana gani. Bikin ƙanwata ya taso, mai kwalliya ta ce gilashin zai ɓata hoto, ni kuma na gaji da yara suna ce min Anti mai tabarau. Laifi ne?

Ba haka kawai na tura kuɗi ba fa. Na tambaye ta. Na ce mata ni a ƙauye nake, can gefen Ringim, da itace nake girki, ga ƙurar hunturu. Sai ta turo min murya, har yanzu tana kunnena, a hankali take magana kamar malamar Islamiyya: "Haba Antina, amana ce fa, turo min hoton takardar gilashinki in haɗa miki daidai idonki." Wannan kalmar ce ta kashe ni. Turo min takardar gilashinki. Na ce wadda ta san ta nemi takarda ai ta san aikinta. Ku da kanku in ku ne ba za ku yarda ba? Daidai idonki, in ji ta. Ina zaune kan tabarma na ɗauki hoton takardar har sau uku don ya fito fes, ina ta murna.

27,000 na lens, wai na shekara guda ne. 8,500 ruwan wankewa. 3,000 kuɗin mota daga Kano. Ragowar 9,000 daga baya ne, bayan idon ya yi ja, a'a tsaya, kafin nan sai da na kira ta ranar da saƙon ya iso tasha, ranar Laraba ce ko Alhamis, ƙanina ya karɓo a babur. Na buɗe leda na ga 'yar roba mai murfi biyu, ba kwali, ba lamba, ba ranar lalacewa. Ruwan wankewar ma a wata kwalba aka ɗura shi babu ko takarda a jiki. Na ce 'yar uwa wanne ne na dama wanne ne na hagu, tunda idanuna ba ƙarfinsu ɗaya ba? Ta ce duk ɗaya ne, shi yake gane ido da kanshi. Eh na ji wani iri a raina, amma kuɗi sun riga sun tafi, biki saura kwana biyu.

Ranar kamu na saka. Duniya ta zama kamar ana kallo ta cikin ruwan kwano, ga shi yana yawo duk ƙiftawa ɗaya. Kafin la'asar ji nake kamar an watsa min yashi, hawaye ɗaya na bin ɗaya, dangin ango suna cewa Allah sarki yayar amarya kukan rabuwa take. Da daddare da ƙyar aka zare na hagun, da fitilar waya. Shi ne fa mai lens ɗin ta ce in turo 9,000 na maganin ɗigawa, na je wajen mai POS na tura. Alat na shiga ta yi bulokin ɗina. 47,500 cif.

Inna ce ta matsa aka kai ni asibitin ido a Kano. Likita ya haska ya ce baƙin idon ya karce, Allah ya taimaka bai kai ga gyambo ba. Na nuna masa robar, ya juya ta ya ce, "Malama, wannan ai na ado ne, launi kawai, babu ƙarfin gani ko ɗigo a ciki." Ya ce lambar gilashi daban ta lens daban, musamman in ta wuce 4, saboda gilashi nesa yake da ido shi kuwa lens a manne yake. Sai an auna lanƙwasar ido da faɗin, su ne BC da DIA da ake rubutawa a kwali, kamar 8.6 da 14.2. Ni da nake auna mutum kafin in yanka masa atamfa, na yarda a sai min abin ido ba awo. Nan ne kunyar ta fi kama ni wallahi. Ya ƙara da cewa mai zama cikin hayaƙi da ƙura irina, in dai don biki ne, na sawa sau ɗaya a yar ya fi min.

Ku dai kar ku sayi lens ba a auna ku ba, in ba lamba da ranar lalacewa a jiki ku bar shi. Kar a wanke da ruwan rijiya ko na famfo, kar a kwana da shi.

Sikirinshot suna nan, da risit ɗin POS, da muryar tata, ƙanina na dawowa da wayar daga caji zan saka su duka. Ta canza suna a shafin amma bidiyon su ne dai, jiya ma na ga wata a ƙasa tana tambayar nawa ne. Antina wai. 47,500, ban da kuɗin motar zuwa asibiti da na maganin likita, kuma hoton bikin ma da jajayen idanu na fito. Ban yafe ba.