Ganyen tsoho na Ostareliya: man shafawa, busasshen ganye ko iri, wanne ya kamata a saya?

A bakin kogin Murray da fadamun kudu maso gabashin Ostareliya akwai wata gajeriyar ciyawa da takan tsiro a danshin da ambaliya ta bari bayan ruwa ya janye. Masana tsirrai suna kiranta Centipeda cunninghamii, don tunawa da Allan Cunningham, Baturen Ingila da ya yi yawon tattara tsirrai a ƙasar, amma a kasuwa an fi saninta da old man weed, wato ciyawar tsoho. Dangi ɗaya take da shuwaka da tazargade, tsawonta bai cika wuce taƙi guda ba, kuma tana da ƙamshi mai ƙarfi da ke sa atishawa idan aka murza ta. Mutanen Koori, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna dafa ta su sha saboda mura da tari, suna wanke ƙuraje da ruwanta, wani lokaci kuma su kwaɓa ta da kitsen emu, tsuntsun nan mai kama da jimina, su shafa a fata.

Kafin a zo ga farashi, abin da mai saye zai fara dubawa shi ne suna, domin tana da 'yar'uwa, Centipeda minima, wadda masu maganin gargajiya na Sin suke amfani da ita don toshewar hanci, kuma ita ma ana sayar da ita a shagunan intanet. Idan kwalba ko ƙunshi bai ɗauki cikakken sunan cunninghamii ba, to babu hujjar ɗauka cewa ta Ostareliya ce, komai kyawun zanen da aka yi wa kwalin.

A ganina man shafawa ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin masu saye, tun da ta wajen fata ne aka fi sanin amfanin ganyen, kuma man yana jure doguwar tafiya. Sai dai mayukan ba ɗaya ba ne. Akwai na ƙananan sana'o'i da ake jiƙa ganyen a cikin mai a haɗa da kakin zuma, akwai kuma na manyan kamfanonin kwalliya da ke zuba ɗan ruwan ganyen a cikin kayan haɗi masu yawa. Da yake bisa al'ada ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, idan sunan ganyen ya zo can ƙarshen jerin, mai saye ya san cewa yawancin kuɗinsa sun tafi ne ga turare da kwali. Wanda aka sayar da sunan magani a Ostareliya yakan ɗauki lambar TGA, hukumar da ke kula da magunguna a ƙasar, lambar da ta fara da AUST L ko AUST R, kuma yana da kyau a san cewa ta farko tana nuna an amince da kayan haɗin ne, ba wai hukumar ta gwada ingancin warkarwar ba. Duk wanda jikinsa ke ƙaiƙayi idan ya taɓa tsirran wannan dangi ya fara gwada ɗan kaɗan a damtse, ya jira kwana ɗaya ko biyu.

Busasshen ganye ya fi kusa da yadda masu abin suke amfani da shi, amma shi ne ya fi wuyar tantancewa, domin da zarar an daka shi ido ba ya bambance shi da na Sin, ƙamshinsa kuma yana gushewa idan ya daɗe a ajiye. Ga kuma batun awo: tsofaffin da suka gaji sanin suna da ƙa'idar yawan da ake dafawa, wadda ba ta biyo ƙunshin zuwa hannun baƙo. Saboda haka ban ga dalilin da mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai shan maganin asibiti zai sa shi a baki ba tare da shawarar likita ba.

Iri da dashe na mazauna Ostareliya ne, inda gidajen renon tsirran ƙasar ke sayar da su, kuma shukar ba ta da wahala muddin ƙasar ba ta bushe ba. Tsinko ta a gandun dajin gwamnati ba tare da izini ba laifi ne, ƙetare iyaka da iri kuwa sai da takardun hukumomin ƙasashen biyu.

Saura tambayar wanda kuɗin zai shiga aljihunsa. Sanin wannan ganye na al'ummomin bakin Murray ne, irin su Yorta Yorta, amma ba kowane kwali mai zanen ɗige-ɗige irin na 'yan asalin Ostareliya ne ya fito daga hannunsu ba. Ƙungiyar Supply Nation tana da kundin sana'o'in da 'yan asalin ƙasar suka mallaka, kuma ana iya neman sunan mai sayarwa a ciki kafin a biya.