Bindigar gam: ta iya kwali, amma a nisanta ta da gemun tsoho

Idan kina da yara maza kuma kina zaune a Kano, sau biyu a shekara sai kin zama mai haɗa kayan wasa, ko kina so ko ba kya so. Na farko ranar da makaranta za ta aiko da takarda a ƙurarren lokaci cewa akwai bikin ƙarshen zango, kowane yaro ya zo da shigar wata dabba ko wata sana'a. Na biyu idan azumi ya kai goma, yaran unguwa suka fara tashe, naki suka tsaya miki a ka sai an yi musu nasu kayan. Saboda waɗannan biyun na sayi bindigar gam, wadda ake jona wa wuta ta narkar da sandar gam da masu sayarwa ke kira kyandir. Yanzu ta ga azumi ta ga bikin makaranta a hannuna, don haka zan iya faɗin inda ta yi da inda ta gaza.

A kasuwar Sabon Gari na same ta, a wani shago na kayan ado irin wanda masu ƙawata wurin biki ke zuwa: ribon, furen roba, duwatsun manne. Iri biyu ya fito mini da su. Ƙaramar wat 20 ce, tana cin kyandir siriri mai kaurin milimita 7. Babbar wat 60, kyandir ɗinta milimita 11. Hannuna ya fara kaiwa ga ƙaramar saboda sauƙin kuɗi, sai mai shagon ya tambaye ni aikin da zan yi. Da na ce fuskar kura da dokin kara, ya ce, "Hajiya, in ribon da ɗankunne ne, wannan ta isa. In kwali za ki haɗa, kafin ki gama shafa gefe ɗaya na farkon ya daskare. Ɗauki babbar." Ya jona ta a gabana, muka jira kusan minti biyar, ya manna guntun kwali biyu ya ce in ja. Kwalin ne ya yage, mannen bai saki ba. Wannan gwajin ya sa na biya ba tare da dogon ciniki ba, kuma ina ba kowa shawara kada ya bar shago ba a gwada masa ba.

Tana da abubuwan ban haushi, kuma tun daren farko suka bayyana. Filoginta mai baki biyu ne, sai da adafta. Wayar gajeriya ce, dole ki zauna a gindin soket ko ki jawo wata. Tawa ba ta da makunni, kashe ta shi ne zare ta daga bango. Ɗan ƙarfen da aka yi mata na tsayawa kuwa ado ne kawai, motsi kaɗan ta kife. Bakinta ba ya daina ɗiga matuƙar tana da zafi, shi ya sa na keɓe mata tsohon faranti.

Amma a kan kwali ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Fuskar kurar ƙaramin ɗana daga kwalin taliya na yanko ta. Na auna faɗin fuskarsa daga kunne zuwa kunne, na tsaga kwalin a goshi da haɓa na ɗora tsagin a kan juna don ya lanƙwasa ya zauna, na naɗa wani guntun ya zama dogon baki, na yi kunnuwa masu faɗi. Kowace gaɓa sai na riƙe ta da yatsa na ƙirga zuwa talatin, shi ke nan ta kama. A da, da farin gam na kafintoci nake wannan aikin, sai na danne da dutsen guga na bari ya kwana, da safe kuma in tarar kwalin ya jiƙe ya karkace. Wannan karon tsakanin sallar isha'i da lokacin kwanciya na gama, har da haƙora na farar takarda mai kauri. Washegari ya shafa fentin ruwa da kansa, ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen baƙi, ni kuma na bi bayan wuya da zaren buhu da na warware ya zama geza. Akwai ma wata dabara da na gano ina cikin yi: idan kika zana layi da gam ɗin a kan kwali kika bari ya bushe, sannan kika bi da fenti, sai ya fito tudu-tudu, ya ba ki gira da tamojin goshi. Abin da ya rage kawai shi ne zare-zaren da take bari ko'ina kamar saƙar gizo, sai kin zauna kin tsince.

Robar da ke riƙe fuskar a kai ba ta zama da gam. Da yaro ya ja sau biyu za ta fita. Ki huda kwalin, ki zura robar ki ƙulla, sannan ki zagaye hudar da gam don kada ta yage.

Tunda maganar fuska ake, bari in ɗan kauce. Ina ganin yara a tashe da fuskar kwali mai 'yan hudojin ido da ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma da dare suke yawo, a layukan da babura da a-daidaita-sahu ke wucewa. Yaron da ke ciki ba ya ganin gefensa sam. Ki buɗa idon sosai, har ya zama kina ganin girarsa, ki kuma bar wurin numfashi a ƙasan hanci. Kyan fuskar zai ɗan ragu, ba komai.

Dokin kara ne ya fara nuna mini iyakarta. Bayan karan dawa santsi gare shi, gam ɗin yana kamawa kamar ya zauna, daga baya ya ɓare gaba ɗaya. Sai da na kankare wurin da wuƙa, na ɗaure kan dokin da zare, gam ya zama ƙari ne kawai. Haka ƙwaryar da na sayo a kasuwar Kurmi don yin hular dodo: sai an goge bayanta da samfefa kafin kuɗin wuri ko gashin kaza ya tsaya. Robar bokiti da duk wani abu mai sheƙi, kada ma ki fara. A kan yadi tana kamawa, amma wurin yana sandarewa, kuma a yadi mai laushi gam ɗin yana ɓullowa ta gaba ya bar tabo. Alkyabbar da na yi wa babban don fitowa a sarki a makaranta, da keke na ɗinka ta, zaren gwal na bakin ne kaɗai na manna.

Zafi ma abokin gabarta ne. Gam ne da zafi ya narkar, zafi kuma yana iya sake sassauta shi. Kayan bikin makaranta sun wuni a bayan mota a rana irin ta Kano da ke haura digiri 40, da aka buɗe rabin duwatsun da ke jikin sandar sarkin sun zame sun taru a gefe ɗaya. A inuwa ake ajiye kayan.

Sai babbar maganar, gemu. Babu tashen yara maza da zai cika ba Tsoho da Gemu, kuma abin da zai fara zuwa ran yaro idan ya ga yadda bindigar ke manna auduga shi ne a manna masa a haɓa. Nawa ya tambaya: "Umma, in kin bari ya ɗan huce fa?" A'a. Irin wannan babbar tana kai gam ɗin kusan digiri 190, kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa, kuma idan ya taɓa fata manne mata yake yi ya ci gaba da ƙuna. In tsautsayi ya sa ya ɗiga a hannu, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi nan take a daɗe, kada a fizge shi da zafinsa. Abin da na yi shi ne na yanko ƙyalle daidai haɓarsa, na manna audugar a jikin ƙyallen a kan tebur, na sa roba ta maƙale a kunnuwa. Kakarsu da ta zo buɗa-baki ta duba ta yi dariya, ta ce su da ƙaro suke yi, a jiƙa shi ya yi danƙo a shafa a haɓa a ɗora auduga, in an dawo a wanke da ruwan ɗumi. Gaskiyarta, gemun ƙaro ya fi kama da na gaske domin yana motsi tare da baki idan yaro yana waƙa. Nawa kuma ya fi jure gumi, kuma ana cirewa a ajiye wa gobe. Wanda ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne sufa gulu. Bayan yana manne fata, idan ya haɗu da auduga zafi yake ɗauka nan take, har ya kan yi hayaƙi. Auduga kanta ba ta son wuta, don haka tsohon naki kada ya matsa kusa da murhun mai ƙosai.

Kuɗin gaske ba a bindigar yake ba, a kyandir yake. Yana tafiya da sauri fiye da zato, fuska ɗaya mai ado tana iya cinye biyu ko uku. Kuma ba duka ne ɗaya ba. Wanda na saya tare da bindigar garai yake, ana hango haske ta cikinsa, yana kamawa da kyau. Wani da na ƙara a wani teburi daban, fari mai duhu-duhu, ya fi araha, amma yana bushewa sai ya riƙa ɓallewa da farce. Ki sayi dozin a wurin da aka gwada miki. Idan kyandir ya kusa ƙarewa, ki tura sabo a bayansa. Kada ki jawo na ciki ta baya, narkakken yana biyo shi ya toshe hanyar.

Wuta kuwa kin san halinmu. Sa'ar dai ba ta ci da yawa, ƙaramin janareto ko batirin sola yana ɗaukarta. Na koyi yanka komai in jera tun da rana, da an kawo wuta sai manne kawai.

Tun da aka ga kurar nan a layinmu, bindigar ba ta cika kwana a gidana ba. Ina bayarwa, da sharaɗi biyu: uwar ce za ta riƙe ba yaron ba, kuma kowa ya zo da kyandir ɗinsa.