Nikon D750 ta hannu: ko za ta fisshe ki a ƙurar Kano?

Macen da ta zaɓi ɗaukar hoton duwatsu da filaye da ruwa, ba na biki ba, kamara mai jure hasken rana take buƙata, wadda kuma za ta iya hawa Dala da ita ba tare da kafaɗa ta sage ba. A cikin na hannu da ke yawo a kasuwa, Nikon D750 ta cancanci a tsaya a kanta, duk da tun 2014 ta fito.

Babban alherinta sensa ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kamara: babba ce, mai megafiksel 24, kuma tana riƙe haske da inuwa a hoto guda. Ki tsaya kan Goron Dutse da hantsi, sama ta yi fayau, lungunan ƙasa kuma duhu. Ki auna hasken da sama a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin saurin jin hasken sensa), ki ɗauka a RAW (ɗanyen hoton da kamara ba ta tace ba), daga baya ki ɗago inuwar a kwamfuta; rufin kwano da katangun jar ƙasa za su fito tsaf, ba ɗige-ɗige. Buɗin ƙofar haske ta lensi daga f/8 zuwa f/11 ya wadatar.

Allonta na baya yana ɗagowa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai hijabi. Idan kina son ɗaukar ramukan marinar Ƙofar Mata daga ƙasa-ƙasa, ko bakin ruwan Tiga, ba sai kin kwanta a gaban jama'a ba. Ki sauke kamarar, ki ɗago allon, shi ke nan. Sai dai ta allon tana jinkirin saita abu ya fito tar, gara ki murɗa lensin da hannu.

Nauyi fa akwai shi. Da batir ta kai giram 840, lensin 24-120 da ake yawan haɗa ta da shi kuma giram 710 ne. Ga ƙafa ukun ɗora kamara, ga ruwan sha. Lensin 20mm f/1.8 rabin nauyin wancan lensin ne, ya kuma fi dacewa da faɗin fili.

Inda ake kuka shi ne hunturu. Jikinta yana tare ƙura daidai gwargwado, amma duk canjin lensi a waje ƙofa ce kika buɗe wa hazo. Ki canza a cikin mota, bakin kamarar na kallon ƙasa. Don gane ko ƙura ta shiga, ki ɗauki sama zalla a f/16. Baƙin tabon da ke maimaituwa wuri ɗaya yana kan sensa. Da famfon roba ake hure shi. Kada ki hura da baki, kada ki goge da gefen mayafi, domin yashi yana karce gilashi.

Kafin ki biya, ki sa a duba miki adadin hotunan da ta ɗauka, don an ƙera shotarta, wato labulen da ke buɗewa a kowane ɗauka, ta yi kusan 150,000 ne. Ki gwada ramukan katin ajiyar hotuna (SD) ɗin duka biyu. Wasu daga cikin kamarorin D750 na farko suna sa baƙin layi a saman hoto idan rana tana dab da gefen hoton, har kamfanin ya gyara su kyauta. Ki fita da ita rana ki gwada da kanki, tunda aikinki duk da rana ne.

Batirinta yana haura hoto 1,000 idan ba ki cika kunna allo ba, amma ba a cajinta ta USB, don haka da halin wutarmu sai kin tanadi na biyu. Bidiyonta bai kai 4K ba, wato matakin bidiyo mai tsananin fitowa tar. Mai neman bidiyo ta duba wata, mai neman hoton da za a buga babba a rataye a bango kuwa ta saya, in dai ta ci waɗannan gwaje-gwajen.