Nawa ake biya? Yadda ake yanka kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ingila

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Tun da aka ji ina aiki a wata ƙaramar cibiyar kula da masu ciwon damuwa a Manchesta, tambayar da ta fi zuwa mini ita ce ta kuɗi. Wasu suna da marar lafiya a gida, suna tunanin kawo shi nan. Wasu kuma ƙannenmu ne da suka karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, suna son buɗe wurin kansu a Kano ko Kaduna, sun rasa nawa za su ce a biya. Ni ba likita ba ce. Teburin tarbar baƙi da littafin kuɗi ne a hannuna, don haka abin da ke shiga da wanda ke fita duk ta gabana yake wucewa.

Hanya biyu ce a nan. Ta farko ta gwamnati ce, wato NHS, wadda tun 1948 take duba jama'a ba tare da an karɓi ko sisi a bakin ƙofa ba. Mu baƙi dai mun riga mun biya tun wurin neman biza: fam 1,035 a kan kowace shekara, bisa farashin da aka sa a Fabrairun 2024. Akwai shirin magani ta hanyar tattaunawa da aka fara a 2008, mutum na iya rubuta sunansa da kansa ta waya ko intanet. Matsalarsa layi. A kan yi makonni, wani lokacin watanni, kafin a soma zaman na sosai, kuma zaman ƙididdigagge ne. Maganin da likita ya rubuta kuwa a Ingila fam 9.90 ne kowane iri, a Sikotilan da Wales kyauta. Mai shirin kawo ɗan'uwansa da bizar ziyara ya sani cewa wannan rangwamen bai shafe shi ba: idan aka kwantar da baƙo a asibitin gwamnati, kuɗin jinyar ake cazarsa har da ƙarin rabinsa.

Hanya ta biyu ita ce ta masu zaman kansu, inda nake. Mai ba da shawara a wajen Landan yakan karɓi fam 40 zuwa 70 a zama ɗaya na minti 50. Ƙwararren masanin halayya yakan haura 100. Likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani kuwa, ganinsa na farko kaɗai yakan ci ɗaruruwan fam.

A wurinmu fam 60 ne, kuma ba da ka aka yanka shi ba. Hayar ɗakin awa-awa ake biya, ko marar lafiya ya zo ko bai zo ba. Akwai inshora, saboda ana iya kai ƙarar ma'aikaci. Akwai kuɗin ƙungiyar masu sana'ar na shekara-shekara. Babbar ƙungiyarsu, BACP, ta wajabta wa waɗanda ta tantance su zauna da wani babba a sana'ar aƙalla awa ɗaya da rabi kowane wata, ya duba aikinsu, kuma daga aljihunsu suke biyansa. Ga kwasa-kwasan ƙaro ilimi, ga haraji, ga makonnin hutu da na rashin lafiya da ba mai biyan ka. Sannan ga abin da na fi so ƙannenmu su riƙe: wannan aikin ba a yin sa awa takwas a jere. Wadda ta wuni tana sauraron kukan mutane, idan ta wuce mutum biyar ko shida a rana, na ƙarshe ba zai samu hankalinta duka ba. To, a tara kuɗin da ake kashewa a shekara, a ɗora abin da zai riƙe gida, a raba da yawan zaman da mutum zai iya yi ba tare da ya cuci kowa ba. Abin da ya fito shi ne farashi.

Abin da ya fi burge ni, ana faɗin kuɗin tun kafin a zauna. Takarda ce shafi ɗaya: ga farashi, ga tsawon zama, ga ranar biya, ga yadda za a sanar da kai tun da wuri idan za a yi ƙari. Ba a ciniki irin na atamfa a Kantin Kwari, amma akwai gurbin masu ƙaramin ƙarfi. Kowane ma'aikacinmu yana ware kujeru kaɗan a rabin farashi, domin ɗalibai da marasa aiki, kuma da kuɗin masu biyan cikakke ake cike giɓin. Na ga wata uwa ta karanta takardar nan har ƙasa, ta ninke ta biyu, ta miƙo mini, ta ce za ta dawo wani lokaci. Mai ba da shawarar tana tsaye a bakin ɗakinta, sai ta matso ta tambaye ta a hankali nawa za ta iya biya duk mako har wata uku ba tare da ta taɓa kuɗin cefane ba. Matar ta yi lissafi da yatsunta, ta faɗa, aka rubuta, suka sa hannu. Ba ta taɓa fashin zama ba.

Wannan tambayar ce nake so ta isa gida. Ciwon damuwa ba a gama shi a zuwa ɗaya. Ko maganin sha yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma likitoci na so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. A gida kuɗin kati a asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati irin na Barnawa da Kware da Dawanau ba shi ne ke karya iyali ba. Magani na wata-wata, kuɗin mota daga ƙauye, da mai jinya da ya bar sana'arsa, su ne nauyin, kuma sau da yawa ba wanda ya zauna da su ya yi musu jimillar tun farko. Sai a yi wata biyu aljihu ya ƙare, a ajiye magani, ciwo ya dawo, a ce asibiti bai iya ba. A wurin wasu masu maganin gargajiya kuma ba a faɗin farashi sam, sai a ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Yau turare, gobe rago, jibi wani abin, har a sayar da gona. Ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye. Ɓoye kuɗin ne ke ba ni tausayi.

Amma ƙannena, kada ku juya fam 60 zuwa naira ku ce shi ne farashinku. Kuɗin ya zarce mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A nan, mai mafi ƙarancin albashi yana samun fam 12.21 a awa bisa ƙa'idar Afrilun 2025, wato aikin kusan awa biyar ke biya masa zama ɗaya. Idan aka auna da wannan mudun a gida, zaman zai tsaya wajen naira 2,000, kuma kowa ya san wannan ba zai biya haya da man janareta ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Sai dai a yi farashi hawa-hawa, a haɗa mutum shida ko takwas masu matsala iri ɗaya a zama guda su raba kuɗin, a nemi kwangila da makarantu da kamfanoni, a duba na nesa ta waya.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba zan so a kwafa yadda take ba. A nan, wanda ya fasa zuwa bai sanar ba awa 24 ko 48 kafin lokaci, cikakken kuɗi zai biya, domin hayar ɗakin ta riga ta hau. A garin da rasuwa ke tayar da unguwa guda da asuba, mota kuma ta lalace a hanya ba gargaɗi, wannan zai kori mutane ne kawai. Ku rubuta cewa fashi na farko an yafe, na biyu rabin kuɗi, rasuwa da rashin lafiya kuma ba a lissafa su. Ku karanta wa marar lafiya da mai rakiyarsa takardar da Hausa, ku ba su kwafi su tafi da shi.