Ƙaramin otal a cikin gari ko babba a gefen gari: wanne za ka kama a Kribi?

Tun da na dawo Gombe daga Kribi, garin shaƙatawa na bakin teku a kudancin Kamaru, abokai a majalisarmu ta Tudun Wada ke tambayata inda ya fi dacewa a sauka. Na kwana a duka biyun.

Ta fuskar kuɗi, ƙaramin otal na cikin gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗaki ne da fanka da gado mai tsabta, shi ke nan. Amma da ƙafa nake zuwa masallaci da kasuwa, da yamma kuma in gangara inda mata ke gasa kifin da aka kamo ranar, in nuna wanda nake so da yatsa. A babban otal kuwa, duk fita sai ɗan acaba, abinci ma sai na gidan, sefa tana ta zubewa ba ka sani ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙaramin yana da hayaniya. Wani dare kiɗan maƙwabta bai bar ni na runtsa ba, aka kuma ɗauke wuta, ga sauro. Babban yana da janareta da masu gadi, kuma wasu irinsa na kan hanyar Lobe, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku.

Matashi mai son yawo da ɗan guzirinsa, ƙaramin ya ishe shi. Mai tafiya da iyali ko amarya, ko dattijo mai neman hutu, ya ƙara kuɗi ya kama babban.