Mako takwas a kwas ɗin tsohuwar waƙar Turanci: abin da na samu da abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya

Kunya ce ta sa na yi rajistar kwas ɗin nan. Shekara da shekaru ina koyar da adabin Turanci a sakandare, amma duk ranar da ɗalibi ya ce, "Malam, kafin Shakespeare me mutanen Ingila suke rerawa?" sai in shiga kame-kame. Kwas ne na intanet, mako takwas, bidiyo da karatu da ɗan gwaji a ƙarshen kowane mako. Ba zan kama sunan masu shi ba, tunda akwai ƙorafi a gaba.

Da labarin Caedmon aka buɗe, wani mai kula da dabbobi a gidan ibada na Whitby a arewacin Ingila, zamanin da Hild take shugabancin gidan, tsakanin 657 da 680. Bede, wani malamin coci na Ingila wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya ce idan ana walima aka fara miƙa abin kiɗa hannu zuwa hannu, sai Caedmon ya sulale ya koma garke don bai iya waƙa ba. A can ya yi mafarki aka umarce shi ya rera farkon halitta. Ɗango tara ne kacal waƙar, kuma tana cikin mafi tsufa da suka rage a harshen.

Inda kwas ɗin ya biya ni kuɗina shi ne mako na biyu da na uku, kan karin waƙar. Ni da na tashi da rubutacciyar waƙar Hausa, kunnena amsa-amo yake jira a ƙarshen ɗango, yana kuma ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Tsofaffin waƙoƙin Turanci kuwa ba ruwansu da amsa-amo. Kowane ɗango an raba shi biyu, da ɗan numfashi a tsakiya, kowane rabi yana da gaɓa biyu da ake dannawa da ƙarfi. Karangiya, wato maimaita sauti ɗaya a farkon gaɓoɓi, ita ce take ɗaure su: sautin da ya fara gaɓa ta uku shi ne jagora, ɗaya ko biyu na rabin farko su bi shi, ta huɗu kuma ta saba. Wasula kuwa duk dangi ne, kowanne yana amsa wa ɗan'uwansa. Malamar kwas ɗin ba ta tsaya ga allo ba, karantawa take da ƙarfi tana buga tebur. Na kwaikwaye ta wani dare har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya, ko kalangu ka koma?" Don in gwada kaina na ƙirƙiri nawa: Bawa ya bi, babbar hanya. Ya yi kusa, sai dai Hausa karin sauti take da shi, ba danna gaɓa ba, don haka kamanni ne kawai.

Salon kiran abu da laƙabi ma ya burge ni. Teku a wurinsu "hanyar kifin whale" ce, jikin mutum "gidan ƙashi". Wanda ya san keke da dokin ƙarfe ba zai sha wahalar wannan ba.

Darasin rubuce-rubucen hannu ya sa jikina ya yi sanyi. Ɗango wajen 30,000 ne suka tsira gaba ɗaya, mafi yawansu a kundi huɗu, ɗaya ma a Vercelli ta Italiya yake. Beowulf, doguwar waƙar jarumta mai ɗango 3,182, kwafi ɗaya tal gare shi, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1000, kuma gobarar 1731 a Landan ta babbake gefunansa. Kundin Exeter kuwa, ɗaya daga cikin huɗun, cike yake da kacici-kacici fiye da 90, wasu ba na gaban yara ba ne.

To, ga ƙorafin. Daga 1066, lokacin da Normawa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada, amsa-amo ya samu gindin zama, sai kwas ɗin ya kama gudu kamar ana korarsa. Yadda karangiya ta sake bunƙasa a ƙarni na 14, a waƙoƙi irin Sir Gawain and the Green Knight, bidiyo ɗaya aka ba shi. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da baitinsa mai ɗango bakwai da ɗangonsa mai dannawa biyar, an haɗa shi mako guda da Wyatt da Surrey, waɗanda suka shigo da sonet, waƙa mai ɗango 14, daga Italiya a ƙarni na 16. Yaya aka yi ɗango mai dannawa huɗu ya ba mai biyar wuri? Tambayar da ta fi damuna ke nan, kuma amsar da aka bayar ba ta ƙosar da ni ba. Na rubuta a wurin tambayoyi, shiru har kwas ya ƙare.

Sannan bidiyon ba ya saukuwa a waya, dole a kalla kai tsaye, data tana zuba kamar ruwa a kwando. Takardar shaida ma kuɗinta daban, ba a faɗa ba sai a mako na ƙarshe.

Malamin adabi da ke son ya ji tsohuwar waƙar da kunnensa, makonni biyar na farko sun ishe shi riba. Mai neman Chaucer ya nemi wani wuri. Ni dai ranar Litinin na sa 'yan aji biyar buga benci sau huɗu a kowane ɗango, har malamin lissafi na ajin kusa ya aiko a ce mu rage.